Sanchamaya, Matar da Ta Hana a Aske wa Niuro Gemu

Kafin gajimare ya tashi daga kan tuddan Yangbung, Sanchamaya Limbu ta riga ta sha shayinta mai gishiri, ta watsa wa ɓaunarta ciyawa, ta shafa gishiri da ganyen taba a ƙafafu saboda matsattsaku. Sai ta soke lauje a ƙugu, ta dogara sanda, ta gangaro zuwa dakalin dutsen da ke mahaɗar hanyar daji da hanyar mota. Nan ne ofishinta. Ba tebur, ba hatimi, ba hoton kowa a bango, don bangon ma babu. Shekara talatin da huɗu ke nan, duk farkon damina, tana zama a kan dutsen nan tana jiran matan da suka shiga daji tsinkar niuro su fito da kwandunansu a goye.

Ni da nake rubuta wannan, ni ne sakataren kwamitin dajin ƙauyenmu. An ba ni muƙamin ne saboda rubutuna yana da kyau, kuma ba a samu wani abin da na iya ba. Shekaruna hamsin da biyu, sanƙo ya ci rabin kaina, amma har yau Kancha take kirana, wato auta, ni kuma ina amsawa, don na ga abin da ya samu waɗanda suka ƙi amsawa.

Kowa a tuddan nan ya san unyu, tsiron da ke cika inuwar daji da ganye kamar gashin fiffike. Sabon tohonsa, wanda ke fitowa a naɗe kamar wutsiyar hawainiya, shi ne niuro. A watannin da rumbu ya yi ƙasa, masara ba ta nuna ba, shi ne miyar da ke raka tuwon tamba, a soya shi da cuku da barkono. Shi ne kuma abin da mata ke ɗaurewa su aika kasuwa a ƙasan kwari. Gidan da babu namiji, ya tafi ci-rani ƙasar waje ko ya tafi inda ba a dawowa, niuro ne ke riƙe shi har kaka. Matsalar ɗaya ce: unyu ba iri ɗaya ba ne. Wani a ci a yi gyatsa. Wani a ci a wuni ana amai, ido yana ganin mutum ɗaya ya zama uku. Kuma suna tsirowa kafaɗa da kafaɗa, a gindin bishiya guda, kamar 'yan uwa.

Sanchamaya abu uku take dubawa. Na farko gemu, wato ɓawon nan siriri da ke lulluɓe da karan tohon. Na biyu yadda ganyen ya tsage in ya buɗe, ko sau ɗaya ko sau biyu, ko bakin tsagar a daddatse yake ko a zagaye ko mai haƙora. Na uku ɗigo-ɗigon da ke jere a bayan tsohon ganye. Ta raɗa wa kowane iri suna nata na kanta. Akwai Baƙin Gemu, mai ɓawo baƙi siriri cunkus tun daga tushe har ƙoli, ko akuya ba ta kula shi. Akwai Ɗan Zinariya, kyakkyawa, mai walƙiya, wanda ta ce duk abin da ya yi ado haka a daji a ji tsoronsa. Akwai Ɓawon Albasa, mai ɓawo fari-fari mai faɗi, a gindi kawai, shi ne na ci. Sai kuma Munafuki, wanda ya yi kama da Ɓawon Albasa kamar an tsaga kara, sai dai kowane ɓawo nasa yana da siririn baƙin zane a tsakiya, ganyensa kuma haƙoransa sun fi tsini.

Dokarta tun farko guda ce, kuma ba wanda ya ba ta ikon kafa ta. Duk ƙullin da zai wuce ta gaban dutsen nan, ya zo da gemunsa, a kuma ɗaura masa buɗaɗɗen ganye ɗaya daga gindin da aka tsinko shi. Takan kwance ƙullin, ta bi kowane kara da yatsa, ta juya ganyen, ta zare wanda bai yi mata ba ta wurga kwari.

"Budharani, wannan fa?" za ka ji ta ce wa maƙwabciyarta. "Mijinki ya ɓata miki rai ne kike son ki gama da shi?"

"Haba Didi, guda ɗaya ne ya shigo." Didi, wato yaya, haka kowa ke kiranta.

"Guda ɗaya ne. Shi ma mijin naki ai guda ɗaya ne."

To, a nan rigimarta da Dilliram ta samo asali. Dilliram, wanda ake kira Sahuji, wato attajiri, shi ne ɗan kasuwan da ke hawowa da mota yana kwashe niuro zuwa gari. Mutanen gari kuwa ba sa son gemu. Sun fi son toho sumul, kore shar, kamar an wanke shi da sabulu. Don haka ya bi tuddai yana cewa mata su murje ɓawon da tsumma kafin su ɗaure, zai fi karɓuwa da daraja. Ƙauyuka da dama suka bi. Wa zai ƙi? Aiki ne na minti kaɗan, kaya kuma ya yi kyau a ido. A Yangbung ne kawai maganar ta ci karo da dutse, da kuma matar da ke kansa.

Ina wurin ranar da ya same ta, ina riƙe da lema ina yin kamar ina duba hanya.

"Didi, zamani ya canja," in ji shi. "Matan gari ba su da lokacin tsefe gashin ganye. Ki bar su su goge, kowa ya huta."

"Sahuji, kai in aka aske maka gashin baki, aka cire maka hular nan, aka jefa ka cikin kasuwa, matarka ma sai ta yi tambaya kafin ta gane ka."

"Ni ba ganye ba ne."

"Shi ya sa ba wanda zai ci ka ya mutu. Wannan kuwa ci ake yi. In an goge gemun, da me zan san wane ne?"

"Ai sai in daina sayen naku."

"Ga hanya nan, ba ni na shimfiɗa ta ba."

Ya daina ɗin kuwa, damina biyu cur. Matan ƙauye suka riƙa goya kwando su sauka kwari da ƙafa, tafiyar awa huɗu, su sayar da kaya mai gemu ga masu yatsina fuska. Kada a ɗauka yaba mata aka yi. An zage ta a bakin famfo, an daina gayyatarta dashen tamba a wasu gidaje. Wata ta ce mata a gaban jama'a, "Ke ba ki da 'ya'ya a makaranta, shi ya sa." Sanchamaya ta dube ta, ta ce, "Naki da ke makaranta nake so su ga allo da idonsu." Washegari ta dawo kan dutsenta, ko gezau. Ni kuwa, a matsayina na sakatare, na ɗauki matsayin da na fi ƙwarewa a kai: in na haɗu da matan in ce suna da gaskiya, in na haɗu da ita in ce tana da gaskiya. Daga baya Dilliram ya dawo sayen namu, don na Yangbung ya fi kauri, yana kaiwa gari ya sa a goge a can ya gauraya da na ko'ina.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce abin da take gudu ya faru. A wani gidan abinci a gari, mutum bakwai suka ci niuro suka kwanta. Wani dattijo ya yi kwanaki yana lalube kafin ganinsa ya dawo. Aka bi sawu aka tarar kayan daga motar Dilliram suka fito. Da aka matsa masa, sai ya ambaci sunan da ya fi saurin zuwa bakinsa: Yangbung. Bayan kwana uku jami'in gandun daji, wani mai suna Niraula, ya hawo da takalmin roba da jaka, ya kira ni gefe, ya ce in rubuta sanarwar rufe dajinmu ga masu tsinkar niuro, za a karanta a taro. Na rubuta. Ban taɓa yin rubutu mai kyau irin na ranar ba, har da ja wa kanun layi biyu. Na ninke na sa a aljihu, na bi shi zuwa dakali kamar ɗan akuyar da aka saya.

Mata sun fi arba'in a wurin. Kowacce ta san abin da rufe daji yake nufi: tukunya ba miya har masara ta nuna, kuma ba abin kaiwa kasuwa. Niraula ya yi bayani da ladabi. Ya ce tsiron nan iri-iri ne, masana ma da gilashi suke rarrabe shi, bai kamata a bar ran mutane a hannun wanda bai yi karatu ba.

Sanchamaya ba ta tashi tsaye ba, ko da yake Sab take kiransa, wato yallaɓai, shi kuma yana ce mata Ama, wato uwa. Ta ce, "Sab, littafin nan da ke leƙowa daga jakarka, na ganye ne?"

"Na ganye ne, Ama."

"Madalla. Ga daji nan. Shiga da kanka, ka tsinko duk wanda ka ga dama, da tohonsa da ganyensa, ka cakuɗa. In na kuskure ɗaya, Kancha ya fito da takardar da ke aljihunsa ya karanta. Ai na ga yadda yake dafe ta kamar mai ciwon zuciya."

Mata suka tuntsire da dariya. Ni kuma na gano cewa akwai abin sha'awa ƙwarai a kan yatsun ƙafata.

Niraula mutum ne mai son gaskiya, wannan ba zan hana shi ba. Ya shiga, ya yi fiye da awa, ya fito da runguma guda da matsattsaku biyu a wuya. Ya zube a gabanta. Ta fara ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ta shafa karan daga gindi zuwa sama, ta juya ganye, ta ajiye. Kashi huɗu ta yi. Shi kuma ya tsuguna da littafi da gilashin ƙara girma, yana bin bayanta, yana kiran wasu sunaye dogaye waɗanda na yi ƙoƙarin rubutawa a littafin taro na haƙura. Kashi na farko daidai. Na biyu daidai. Da ya zo na uku da na huɗu sai ya ɗago.

"Ama, waɗannan biyun ai abu ɗaya ne."

"A littafinka?"

"A idona."

"To ba wa idon aron gilashin. Ɓalli ɓawo ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ka ɗaga su sama."

Ya ɓalla, ya ɗaga wa haske, ya daɗe yana kallo. Ɗaya fari-fari ne tas. Ɗayan yana da baƙin zane a tsakiya, siriri kamar gashin ido. Ya koma littafi, ya buɗe shafi, ya dawo baya, ya ƙirga haƙoran ganye da bakin alƙalami. Can ya sauke numfashi ya ce, "Iri biyu ne."

Matan suka fara guɗa, amma ya ɗaga hannu. Ya buɗe jaka ya fito da wata leda. A ciki akwai ragowar niuron da aka kwaso daga gidan abincin nan, sumul, an goge shi tas, ba gemu, ba ganye.

"Saura wannan. In kin faɗa min wane ne, na yarda."

Na ga matan sun matso, suna yi mata alama da ido: faɗi wani abu, Didi, ko mene ne, ai ya riga ya sallama. Da ni ne, na rantse da na zaɓi suna ɗaya na faɗa da murya mai kauri. Ta karɓi tohon, ta juya shi, ta shinshina, ta miƙa masa abinsa.

"Ban sani ba."

Niraula ya ɗago ya dube ta.

"Ba ki sani ba?"

"Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, littafinka ma bai sani ba. Duba mana." Ya duba ɗin, ya juya shafuka. Ta ce, "An tuɓe shi tsirara, an share masa suna. Wanda ya dafa bai sani ba, wanda ya ci bai sani ba. Shekara nawa ina faɗa ana cewa tsohuwa ta cika fitina? Dajin nan bai sa wa kowa guba ba, Sab. Tsumma ne ya sa. In rufewa kake so, je ka rufe tsumma. Daji kuwa, gobe da safe zan shiga, in ka ga dama ka turo a kama ni, sai dai a zo da abin ɗauka, don gwiwata ba ta son gangara."

Niraula ya cire matsattsaku daga wuya. Sannan ya juyo gare ni ya ce in kawo takarda. Na miƙa masa kyakkyawar sanarwata. Ya juya bayanta ya ce in rubuta wata: daji zai zauna a buɗe muddin kowane ƙulli zai fita da gemunsa da ganyensa, kuma muddin akwai mai dubawa a kan dutse, wanda kwamiti ya rubuta sunansa. Ranar da aka rasa mai dubawa, sanarwar da ke ɗaya gefen ta fara aiki. Haka takardar take har yau a akwatina, ta gaba rufewa, ta baya buɗewa, duka da hannuna. Na gefen buɗewar rubutun ya ɗan karkace, don a kan gwiwa na yi shi.

Didi, ke ce kika tsaya ranar da mu masu wando muka nemi inda za mu sa kanmu. Ke ce kika ci zagin damina biyu ba ki sayar da ido ba. Ba ki taɓa riƙe alƙalami ba, amma kin karanta wa mai littafi abin da ke cikin littafinsa. Kuma abin da ya fi ba ni kunya, ke da kika fi kowa sani, ke ce kika iya buɗe baki a gaban mutum arba'in kika ce ba ki sani ba. Uwar dutse, mai ido a yatsa. Na tsaya nan da kirari, don na san in aka karanta miki za ki ce wa ya aike ni.

Bana gwiwar ta ƙi gaba ɗaya, idon hagu kuma ya fara yin yana. Ta aiko min cewa wannan daminar ce ta ƙarshe. Kwamiti ya zauna, muka yanke shawara irin tamu: a saya mata mayafi, a buga mata takardar yabo mai zanen fure a gefe. Na je na faɗa mata ina murmushi.

"Takardar yabon za ta zauna a kan dutse ta duba ganye?" in ji ta.

"A'a, Didi."

"To ka tuna abin da ke ɗaya gefen takardarka. In ba suna, daji ya rufu. Ka tara min mutane, ka bar mayafi."

Wasu suka ce a rubuta sunan kowa ma, ai jami'in yanzu sabo ne, ba zai hawo ya bincika ba. Ta ce duk wanda aka rubuta ba da gwajinta ba, da kanta za ta sa a goya ta zuwa ofis ta kai ƙara. Mun san za ta aikata. Don haka ranar kasuwar da ta wuce mutum tara muka jeru a gaban dakali, mata takwas da ni. Na shiga ne don a ce kwamiti ya ba da misali, kuma na yi wata guda ina bin ta da littafin rubutu. Ta zuba wa kowa kara goma. Na gane Baƙin Gemu, wanda makaho ma zai gane. Na gane Ɗan Zinariya. Har Munafuki na kama, na ɗaga ɓawonsa sama yadda na ga Niraula ya yi, ina satar kallon jama'a. Na goma ya zo sumul, kore, ba gemu. Na juya shi, na yi gyaran murya, na ce, "Ɓawon Albasa ne, ba shakka."

"Ba shakka," in ji ta. "Kancha, je ka zauna. Ka kashe mutum bakwai, amma da kyakkyawar murya."

Shida daga cikin matan suka faɗa ramin da na faɗa. Da aka zo kan Budharani, wadda aka shekara talatin ana wurgar mata da kara zuwa kwari, ta ɗauki na goman, ta dube shi, ta jefar.

"Wannan wa ya san ubansa? Ni ban sani ba, kuma ba zai wuce ba."

Wata mai suna Phungma ita ma haka ta ce. Sanchamaya ba ta yi murmushi ba, ba ɗabi'arta ba ce. Ta dai matsa gefe a kan dutsen, ta buga wurin da tafin hannu, su biyun suka hau suka zauna. Ta ce da ni, "Rubuta. Wannan kam ka iya." Na rubuta sunaye biyu a gefen da ya karkace.

Mun gode, Didi. Matan da suka zage ki a bakin famfo sun gode, ko da ba za su faɗa ba, jikokinsu kuma suna ganin allo. Ku kuma na sauran tuddai, da har yanzu kuke murje niuro da tsumma don ya burge mutanen gari, ku hawo Yangbung ku ga yadda ake yi. A kowane ƙauye akwai dutse, abin da ake nema mai zama a kai, wanda zai iya jure zagi, ya kuma iya cewa bai sani ba. In kun zo za ku tarar da mata biyu suna kwance ƙulli, da wata tsohuwa a gefe wadda ta ce ta yi ritaya, tana miƙa sanda tana cewa a sake juya wancan ganyen. Mayafin ma mun ba ta a ƙarshe. Ta ninke shi huɗu, ta shimfiɗa wa Budharani a kan dutsen, ta ce wurin yana da sanyi, kuma zaman na da tsawo.